Abincin Wasu Ƙasashe: Biko na Mutanen Filipin

Wanda ya ji an ce biko, sai ya tuna da matar da ta yi yaji. To, a ƙasar Filipin, biko sunan abinci ne.

Filipin tana can gabas mai nisa, a nahiyar Asiya. Tsibirai ne fiye da 7,000 a cikin teku. Babban birninta Manila. Shinkafa ce abincinsu safe da yamma. Suna noman kwakwa da rake da yawa.

Da abu 3 ake yin biko, duka daga gona: shinkafa mai danƙo, ruwan kwakwa, da jan sukarin rake, irin mazarƙwaila.

Ga yadda ake yi. Mace ta kankare kwakwa, ta matse. Farin ruwa ya fito kamar madara. Ta raba shi biyu. Kashi ɗaya ta dafa har mai ya fito, ɗan gari ja ya kwanta a ƙasan kasko. Sunan garin latik. Ɗaya kashin ta haɗa da sukari a kan wuta, ta zuba dafaffiyar shinkafa, ta kama tuƙi.

Nan aikin yake. In ta saki muciya, ya kama, ya ƙone, an yi asarar kaya. Sai ta yi ta tuƙi har ya yi kauri, hannu ya gaji. Sannan ta shimfiɗa ganyen ayaba a faifai, ta shafa man kwakwar nan, ta zuba, ta daddanna. Ta barbaɗa latik a kai. In ya huce, a yanka gunduwa-gunduwa. Ba abin da aka zubar.

Ana yin biko ranar biki da daren sabuwar shekara. Miliyoyin mutanen Filipin suna cirani a ƙasashen waje, har da Saudiya. Wani ya shekara bai ga ƴaƴansa ba. Masu hali suna komawa gida a watan Disamba. A taru, a kewaye faifai. Mutanen can sun ce yadda shinkafar ta manne da juna, haka dangi za su manne duk shekara.

Ashe bikonsu da na Bahaushe ba su yi nisa ba. Duka gyaran gida ne. Zumunci a ƙafa yake.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.