Haihuwa Da Wuƙar Likita: A Gaya Wa Mata Gaskiya

A da, in aka ce za a yi wa mace aiki a ciro mata ɗa, sai gida ya ɗauki salati, don an san abin ya gagari ungozoma. Yanzu kuwa a wasu ƙasashe, mace lafiyarta lau, ɗan cikinta lafiya lau, sai ta je wurin likita ta sa ranar tiyata kamar mai sa ranar biki. A kan wannan ne likitocin duniya suka daɗe suna jayayya.

Birazil na cikin ƙasashen da abin ya fi ƙamari. Fiye da rabin jariran ƙasar ta hanyar tiyata ake haihuwarsu, a asibitocin kuɗi kuwa abin ya haura kashi 80 cikin 100. Alhali a ƙasar ne, a birnin Fortaleza, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi taro a 1985 aka ce bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 ba. A 2015 hukumar ta sake dubawa, ta ce a yi wa duk wadda take bukata, amma in ƙasa ta wuce kashi 10, ba a ga ƙarin ya rage mutuwar uwa ko jariri ba.

To, me ke kai mata ga wannan zaɓi? Akwai tsoron naƙuda, akwai tsoron tsawa da wulaƙanci a ɗakin haihuwa. Likita ma yana da nasa dalili, watau naƙudar fari tana iya cin yini guda, aikin kuwa bai cika wuce awa ɗaya ba.

Masu goyon baya sun ce jikin mace nata ne, ita za ta sha wahalar, saboda haka ita ke da ta cewa. Wannan magana tana da nauyi. A Ingila, tun 2011 ka'idar ita ce a zauna da matar, a ji tsoronta, a bayyana mata amfani da haɗari. In ta dage, a yi mata. Turkiyya kuwa doka ta kafa a 2012 don taƙaita aikin. Hanyar Ingila ta fi, domin doka ba ta maganin tsoro.

Amma zaɓi ba ya cika sai da sani. Tiyata babban aiki ne: jini ya fi zuba, rauni na iya ruɓewa, jego ya fi tsawo. Jaririn da aka ciro da wuri yana iya samun wahalar numfashi, shi ya sa majalisar likitocin Birazil ta hana yin irin wannan aiki kafin mako 39 a 2016. Babban haɗarin ma yana gaba. Kowane yanka yana barin tabo a mahaifa. A ciki na gaba tabon na iya yagewa, ko mabiyiya ta manne masa ta ƙi fita, har a kai ga cire mahaifar baki ɗaya. Da ƙaruwar yanka haɗarin yake ƙaruwa.

Nan ne maganar ta shafi Nijeriya. Matar da ta yi niyyar tsayawa a 'ya'ya biyu, lissafinta daban yake da na matar Arewa maso Yamma, inda binciken lafiya na 2018 ya nuna mace tana haihuwar fiye da 6. Haka kuma wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2019 ya nuna mutuwar uwa bayan wannan aiki a Afirka ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauki wannan ya tsorata mace mai bukata. Binciken na 2018 ya nuna kusan kashi 3 kaɗai cikin 100 ake haifa ta tiyata a ƙasar nan. Mata da yawa suna rasa ransu, ko su kamu da yoyon fitsari, saboda an yi jinkiri, ko miji ya ƙi sa hannu, ko babu kuɗi. Don haka ne a Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar aikin kyauta ga mata marasa galihu da suke bukatarsa.

Saboda haka, matar da ta nemi aiki ba tare da larura ba, kada likita ya kore ta, kada kuma ya yi saurin karɓar kuɗinta. Ya tambaye ta abin da take tsoro da yawan 'ya'yan da take fata, sa'an nan ya gaya mata gaskiya duka. Wadda kuwa naƙuda ta tsaya mata, mijinta ya sa hannu tun kafin dare ya yi. Allah ya raba su lafiya, amin.