Ƙasar da ke ƙarƙashin Karu tana da labari, marubuci take jira

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke kwana a Karu, ko Nyanya, ko Jikwoyi da Kurudu, ya san hanyarsa ta zuwa ofis kamar yunwar cikinsa. Ya san lokacin da cunkoso ke kamawa a hawan Kugbo, ya san mintocin da zai ɓata kafin ya wuce AYA. Abin da ba kowa ya damu da shi ba shi ne abin da ke ƙarƙashin tayar motar. Abuja da kewayenta suna zaune ne a kan daɗaɗɗen dutse mai tauri wanda shekarunsa suka haura miliyan 500, irin wanda ya ɓullo fili ya zama Dutsen Aso da Dutsen Zuma. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwan da ake samu a cikinsa yana maƙale ne a tsagogi da kuma saman da ya ruɓe ya zama ƙasa. Shi ya sa mutum zai haƙa rijiyar burtsatse a Karu ya sami ruwa ba da nisa ba, maƙwabcinsa na jikin katanga ya nutsa ninki biyu ya tarar da ƙura, ya koma sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa. Daga nan sai zargi ya tashi: ko mai injin haƙa ya cuce shi, ko maƙwabci ya janye masa ruwa, ko kuma an yi masa jifa.

Wannan ƙaramin rikici ya tara duk kayan da ake haɗa labarin bin diddigi da su. Akwai asarar dukiya, akwai waɗanda ake tuhuma, akwai kuma gaskiyar da ke binne wadda sai mai ilimi ya tono ta. Amma a cikin ɗimbin ƙagaggun labaran Hausa da ake bugawa a Kano da Kaduna, da waɗanda yanzu ake karantawa babi-babi a wayar hannu, da wuya a ci karo da wanda ya mai da ƙasa da duwatsu shaidu a kan wani laifi. Wannan giɓi ne babba, kuma asararsa ta wuce ta adabi kaɗai.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane daɗin wannan hanya. Tun a 1887, a littafin farko da Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes, an nuna jarumin a matsayin mutumin da ke duban taɓon da ya fallatsa a wando ya faɗi unguwar Landan da aka taka shi. A Amurka, Sarah Andrews, wadda ita kanta masaniyar kimiyyar duwatsu ce, ta shafe shekaru tun daga 1994 tana rubuta jerin littattafai a kan wata jaruma mai suna Em Hansen, mai warware kisan kai ta hanyar karanta ƙasa. Ba daga sama marubutan suka tsinto dabarar ba. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta riƙa sakin balan-balan masu ɗauke da bam suna tsallaka teku zuwa Amurka, masana duwatsu ne suka binciki yashin da ke cikin buhunan da aka rataya musu, suka gano irin gaɓar tekun Japan da aka ɗebo shi. Akwai ma misalin da ya shafi Najeriya kai tsaye. A watan Satumbar 2001 an tsinci gangar jikin wani yaro a kogin Thames, babu kai, babu hannuwa da ƙafafu. 'Yan sandan Landan suka sa masa suna Adam. Sinadaran da ke cikin ƙashinsa, waɗanda jiki ke ɗauka daga ruwa da abincin ƙasar da mutum ya tashi, su suka nuna cewa daga kudancin Najeriya ya fito, wajejen birnin Benin.

Marubucin Hausa kuwa ba ya bukatar aro daga Landan, domin a gidansa aka yi abin da ya fi duk waɗannan tayar da hankali. A farkon 2010, yara ƙanana suka fara mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi masa komai ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan ɓarkewar cututtuka a yankin su suka fara lura da yawan mace-macen a watan Maris. Da aka auna jinin yaran sai aka tarar da gubar dalma a matakin da ya girgiza likitocin duniya. Daga ina ta fito? Daga arzikin da mutanen ƙauye suka yi murnar samu. Farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya a waɗannan shekaru, manoma suka koma haƙa, kuma dutsen da suke cirowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Suna kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu a Dareta, da Yargalma, da Bagega da maƙwabtansu. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Duk wanda ya san sirrin gina labari zai ga abin da ke nan. Makashin ba ya ɗauke da wuƙa, yana cikin abin da uban yaro ya ɗauko da hannunsa don ya ciyar da iyalinsa. Mutanen gari suna da dalilin ɓoye gaskiya, domin faɗinta na iya jawo a hana su sana'ar da ta fitar da su daga talauci. Sannan ga ɓangaren da ya shafi masu karanta wannan shafi: aikin share gubar daga garin Bagega ya tsaya cik ana jiran kuɗi daga Abuja, sai a farkon 2013 aka sake su, bayan matsin lamba daga masu fafutuka irin su Hamzat Lawal da tafiyarsa ta Follow The Money. A tsakanin alkawari da cikawa, yara suna nan suna shaƙar ƙura. Fayil ɗin da ya kwana a kan tebur yana da nasa kason a cikin wannan labari, kuma wanda ya taɓa aiki a sakatariyar tarayya ya fi kowa sanin yadda fayil ke kwana.

Maimaituwar abin a Neja bayan shekara biyar kacal ita ce hujja mafi ƙarfi. An rubuta rahotanni, an yi tarurruka a otal-otal na Abuja, an buga sakamakon bincike a mujallun kimiyya da Turanci. Darasin bai isa tsakar gidan da ake daka dutse ba. Littafin Hausa kuwa yana shiga har uwar ɗaka. Matan aure da 'yan mata su ne ƙashin bayan masu karatun adabin kasuwar Kano, ana karanta littattafan a gidajen rediyo, ana tura su ta WhatsApp. Uwar da ta bi wata jaruma babi bayan babi har ta gano cewa ƙurar turmi ce ke kashe 'ya'yan ƙauye, ba za ta manta ba, ko da ta manta sanarwar ma'aikatar lafiya.

A Abuja ma ƙasa ta yi magana. Tsakanin 5 da 7 ga Satumbar 2018, mazauna Mpape da sassan Maitama suka ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsu, wasu suka tattara kaya suka bar gidajensu. Ministan Babban Birnin Tarayya na lokacin, Muhammad Musa Bello, ya dakatar da fasa duwatsu a yankin, gwamnatin tarayya kuma ta kafa kwamitin masana. Ra'ayi ya rabu: wasu suka ɗora alhakin a kan tsofaffin tsagogin da ke cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, wasu suka nuna yatsa ga nakiyoyin masu fasa dutse da yawan rijiyoyin burtsatse. Kafin wannan, a Satumbar 2016, garin Kwoi na kudancin Kaduna ya ga irin haka, sannan a Satumbar 2024 Mpape ta sake motsawa. Kowane karo abu ɗaya ke faruwa. Jita-jita ta riga bayani isa, saƙonnin waya su cika da hasashen tashin duniya, hukuma ta fitar da takarda cewa a kwantar da hankali, bayan mako biyu kowa ya manta. Mutumin Karu da ke kallon tifofi suna wucewa da tsakuwa da yashi dare da rana bai ƙaru da komai ba game da ko tudun da ke bayan gidansa abin tsoro ne ko a'a.

Ga kuma sabon babi da ke buɗewa a gabas da Karu. Jihar Nasarawa, wadda iyakarta ke nan Mararaba, ta zama wurin rububin ma'adinin litiyam da ake yin batirin waya da na motocin lantarki da shi. Dokar ƙasa ta raba abu biyu da talaka ke ɗauka ɗaya ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Manomi na iya gadon gona daga kakanninsa, ya wayi gari wani baƙo ya zo da lasisin da aka sa wa hannu a Abuja. A ɗauka, a cikin labari, an tsinci gawar wani ƙaramin ma'aikaci a gefen hanyar Karshi, iyalinsa sun ce daga ofis bai je ko'ina ba, amma a ƙasan takalminsa akwai ɓurɓushin wani dutse mai sheƙi, mai launin shuɗi-shuɗi da ja-ja, irin wanda ake samu a ramukan litiyam. Wa ya kai shi can, wace takarda ya gani a ofis da bai kamata ya gani ba? Marubuci mai basira zai riƙe mai karatu da wannan har shafin ƙarshe, a hanya kuma ya fahimtar da shi dokar da ke iya raba shi da gonarsa.

Za a ce masu karatun Hausa soyayya suke so. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda gaba ɗayansa neman wani ruwa ne mai magani, da Jiki Magayi, labarin ramuwar gayya. Umaru Dembo ya kai mai karatu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin fasa-ƙwauri a Turmin Danya, Bature Gagare kuma ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Kunnen Bahaushe ya saba da labarin laifi da tonon asiri. Kuma babu abin da ya hana jarumar da ke auna ruwan rijiya ta yi soyayya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuskure. Marubucin da bai san komai game da duwatsu ba yana iya rubuta cewa Dutsen Zuma zai yi aman wuta, ya jefa jama'a cikin fargabar banza, alhali dutsen ba na aman wuta ba ne. Irin wannan littafi ya fi rashinsa illa, domin ƙaryar da aka saka cikin labari mai daɗi ta fi jita-jitar kasuwa daɗewa a zuciya. Ƙa'idar wannan fanni ita ce a ƙaga mutane da laifinsu, a bar kimiyyar yadda take. Ba a rasa abin firgitarwa na gaskiya ba balle a ƙirƙira. Tafkin Nyos na Kamaru, wanda ba shi da nisa da iyakar Najeriya, ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa a daren 21 ga Agustan 1986, mutum 1,746 suka mutu, yawancinsu a cikin barci, ba tare da rauni a jikinsu ba. A unguwar Bodija ta Ibadan, nakiyoyin da gwamnatin Jihar Oyo ta ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka ɓoye a wani gida sun tarwatsa unguwa a ranar 16 ga Janairun 2024. Ga kuma tsofaffin ramukan kuza na Jos da suka cika da ruwa.

A nan ne aikin ya dawo kan ma'aikatan gwamnati da hadiman manya. Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya, wato NGSA, wadda asalinta ke komawa 1919, tana da taswirori da rahotannin sama da shekara ɗari, hedkwatarta kuma tana nan Utako. Akwai cibiyar sa ido kan motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta NASRDA. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da sashen hulɗa da jama'a da ke kashe kuɗi. Da za a ware ɗan kaso daga ciki a gayyaci marubutan Hausa goma, a kai su wurin fasa dutse da ɗakin gwaji, a haɗa kowannensu da masani ɗaya da zai duba rubutunsa kafin a buga, da an yi abin da taron bita ɗari bai yi ba. Ba a bukatar sabuwar doka ko sabon kwamiti, takarda ɗaya ce daga darakta zuwa babban sakatare.

Wurin da za a yi zaman ma ba sai an nema ba. A 1985, Manjo Janar Mamman Vatsa, soja kuma mawaƙi, yana Ministan Babban Birnin Tarayya, ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya fili don gina ƙauyen marubuta. Ƙauyen, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, yana Mpape ne, a kan duwatsun da suka motsa a 2018 da 2024.