Juyen Baƙin Mai da Hannunka, da Alkawarin Masu Ƙera Mota

Maganarmu ta wannan mako a kan wata gardama ce da ta daɗe tsakanin masu motoci da masu sayar da su, musamman a ƙasar Amurka. Ga ta: kadan mutum ya sayi sabuwar mota, sa'an nan ya riƙa yi mata juyen baƙin mai da hannunsa a ƙofar gidansa, bai kai ta wurin wakilin kamfani ba, shin garantinsa ya warware ko kuwa yana nan?

Abin da a ke kira garanti shi ne alkawarin da masu ƙera mota su ke rubutawa, cewa in wani abu ya lalace saboda aibin ƙira, su za su gyara ba ko kwabo, har iyakar wani lokaci ko wata tafiya. Misali, kamfanin Toyota a Amurka ya kan ɗauki alkawarin shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar duka, inji da giya kuwa shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. To, kun ga ba ƙaramin abu ba ne, gama inji in ya buga, kuɗin gyaransa ya kan cinye albashin watanni.

A shekarar 1975 Majalisar Amurka ta kafa wata doka wadda a ke kira da sunan mutum biyu da su ka tsaya mata, watau Magnuson da Moss. Dokar nan ta hana kamfani ya ce alkawarinsa ba ya tsayawa sai an yi aiki da kayansa ko ma'aikatansa kaɗai, sai fa in shi zai ba da kayan ko aikin kyauta, ko kuwa ya sami izni daga hukumar ciniki ta ƙasar, wadda a ke kira FTC. Ba kuwa a takarda kaɗai maganar ta tsaya ba. A 2015 hukumar nan ta tuhumi kamfanin BMW a kan sharaɗin da ya sa wa masu motocin MINI, ya yarda ya bari. A 2018 kuma ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi a kan irin wannan, har da Hyundai a cikinsu.

Saboda haka a Amurka juye da hannunka ba ya warware garanti. Amma fa a lura, doka ba ta ɗauke wa mai mota nauyinsa ba. In ya zuba man da bai dace ba, ko ya bar lokacin juye ya wuce, ko bai ɗaure notin ƙasa da kyau ba har mai ya tsiyaye a hanya, inji ya buga, to, kamfani yana da iko ya ƙi gyara wannan ɓarna. Sauran alkawarin yana nan, gama notin baƙin mai ba ruwansa da rediyo ko na'urar sanyi.

Wanda ya ke so ya tsira da haƙƙinsa, sai ya kiyaye abu uku. Na fari, ya karanta littafin da ya zo da motar, ya bi abin da ya faɗa game da irin mai, da yawansa, da lokacin juye. Lambobin nan da ku ke gani a jikin galan, kamar 0W-20 ko 5W-30, ba ado ba ne. Ta farko tana nuna yadda mai ya ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa sa'ad da inji ya yi zafi. Waɗansu kamfanoni ma suna da ma'auni nasu, kamar dexos na General Motors.

Na biyu, ya sa filta mai kyau wadda ta yi daidai da injin, ya tabbata robar tsohuwar ba ta manne a wurin ba, domin roba biyu in sun hau juna mai ya kan ɓalle. Bayan ya gama, ya ta da inji, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ya kashe, ya dakata kaɗan, sa'an nan ya zaro geji ya duba.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne shaida. Ku malaman ofis kun san maganar da ba ta shiga littafi ba kamar ba a yi ta ba ce. Ya ajiye rasit na mai da na filta, ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta kwanan wata, da yawan mil ɗin da mota ta ci, da irin man da ya zuba. Ran da gardama ta tashi, rantsuwa ba ta isa, takarda a ke tambaya.

Sai dai mu ja kunnen 'yan'uwa, kada wani ya ji wannan labari ya zaci dokar Amurka tana bin mota ta ƙetare teku. Kowace ƙasa da dokarta, kowane kamfani da sharaɗinsa. Wanda ya sayi sabuwar mota a Kano ko Yamai, takardar da ya sa wa hannu ita zai fara dubawa. Ya karanta ta tun bai biya kuɗi ba, ya tambayi wakilin kamfani ko ya halatta ya yi juye da kansa, ya kuma nemi a ba shi amsa a rubuce. In sharaɗin ya ce lalle sai a wurinsu, to, ya auna ɗan kuɗin da zai rage da babbar hasarar da zai iya ɗauka, kada garin neman gira a rasa ido. Ya yi haƙuri har alkawarin ya cika, sa'an nan ya ɗauko sifanarsa.