Bai kamata tsohuwar kwamfuta ta zama shara a Tsaskiya ba

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma kwamfutocin gwanjo da dama ba sa ɗaukar Windows 11. A Tsaskiya da ke ƙaramar hukumar Safana, ɗalibi mai shirin JAMB ko malamin makaranta ba shi da kuɗin sayen sabuwa.

Linux Mint mai fuskar Xfce kyauta ne, kuma tsohon inji na ɗaukarsa. Sai dai ɗora shi kaɗai bai wadatar ba, dole mai shi ya daidaita shi da halin da yake ciki. Ya rage hasken allo don batiri ya daɗe, ya kashe kwalliyar da ke nauyaya inji, ya zaɓi tsarin madannai na Hausa domin ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai.

LibreOffice da ke zuwa da shi ba ya buƙatar intanet. Mutanen Safana da Batsari, waɗanda aka katse wa layukan waya a 2021, sun san amfanin hakan.

Masu gyaran da suka iya Linux ba su da yawa. To, ga sana'a nan tana jiran matasan yankin.