Sharhi: Masu sayar da Wi-Fi a Arewa su bai wa murya gaba a layi

A gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Dosso, da wuya a samu zuri'ar da ba ta da ɗa ko ƙane a waje. Wasu na Yamai, wasu na Birnin Kebbi ko Legas, wasu sun kai Abijan, Aljeriya da Libiya. Abin da ya haɗa su da gida a yau shi ne kiran WhatsApp. Ta nan ake sanar da rasuwa, ake shawarar kuɗin iri kafin damina, ake tabbatar da cewa saƙon da aka turo ta Nita ko Amana ya shiga hannu. Idan murya ta tsinke a tsakiyar irin wannan magana, asarar ta wuce ta kuɗin tikiti.

Galibi laifin a kan kamfanonin salula yake faɗawa, kuma suna da nasu kason. A 2023 hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar sadarwa ta ci tarar Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms sama da miliyar 4 na CFA saboda rashin ingancin aiki. Sai dai tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin 2025, wuraren sayar da Wi-Fi sun ƙaru a ƙasar, kuma wani ɓangare na matsalar ya koma cikin ƙaramar na'urar rarraba intanet da ke rataye a shagon unguwa. Wannan ɓangaren ana iya gyara shi ba tare da an jira kowa daga Yamai ba.

Dalilin yana cikin yadda murya ke tafiya a intanet. Waya na yanka maganar mutum zuwa ƙananan ƙunshin bayanai, yawanci kowane ɗauke da milisakan 20 zuwa 60 na sauti, ta aika su ɗaya bayan ɗaya. Abu uku ke ɓata kira: jinkiri, rashin daidaiton lokacin isowar ƙunshin, da ɓacewar wasu a hanya. Ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta nuna cewa hira na tafiya lafiya idan jinkiri daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, kuma bai kamata ya zarce 400 ba. Da ya haura haka, sai mutane su fara take maganar juna. Bidiyon da ake kallo yana iya tara 'yan daƙiƙu a ajiye kafin ya fara, shi ya sa ba a cika jin tangarɗarsa ba. Murya ba ta da wannan dama, domin ƙunshin da ya makara daidai yake da wanda ya ɓace.

Abin mamaki shi ne murya ba ta da ci. Kira ɗaya bai cika kai kilobit 100 a daƙiƙa ba, wato kira 20 a lokaci guda ba za su wuce megabit 2 ba. Bidiyo ɗaya mai tsabta na iya cinye fiye da haka. Matsalar ita ce layi. Na'urar da ba a saita ba tana bin dokar wanda ya riga zuwa shi ke wucewa. Idan matasa goma suna ɗora bidiyo a TikTok, wayoyi biyar kuma suna sabunta manhajoji, ƙunshin muryar dattijuwar da ke magana da ɗanta zai tsaya a bayansu, tamkar motar ɗaukar marar lafiya da ta maƙale a bayan jerin tireloli a kan babbar hanyar Dosso zuwa Birnin Ƙonni.

Maganin shi ne tsarin da masana ke kira QoS, wato saita na'ura ta san abin da za ta fifita. Mataki na farko, mai shago ya ƙayyade gudun na'urarsa ƙasa kaɗan da abin da layin ke bayarwa a zahiri, musamman ɓangaren aikawa, domin cunkoso ya taru a inda yake da iko da shi. Da yake gudun Starlink na hawa da sauka, gara a yi lissafi da na lokacin da jama'a suka fi yawa. Na biyu, ya kunna tsarin raba layi da adalci irin su fq_codel ko CAKE, waɗanda ke cikin RouterOS 7 na na'urorin MikroTik da kuma OpenWrt. Waɗannan suna barin ƙananan ƙunshi irin na murya su wuce ba tare da jiran masu nauyi ba. Na uku, ya tabbata WMM na kunne, tsarin da ke raba zirga-zirgar Wi-Fi gida huɗu, murya a sahun gaba. Na huɗu, a sa wa kowane tikiti iyakar gudu, don kada mutum ɗaya ya shanye rijiyar. Duk wannan ba ya buƙatar sauraren kiran kowa, domin kiran WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya. Na'urar na duba girma da alamar ƙunshi ne kawai.

Gaskiya ne wannan saiti yana da iyaka. Ba ya ƙara gudun da babu, ba ya tayar da eriyar da wuta ta ɗauke mata, kuma alamar fifiko da ake sa wa murya, mai lamba 46 a tsarin DSCP, sau da yawa ana goge ta da zarar ƙunshin ya fita zuwa babban intanet. Wanda ke ƙauyen da rezo bai kai ba a ƙananan hukumomin Dankasari ko Sukukutan, QoS ba zai amfane shi da komai ba. Amma inda intanet ya riga ya iso, cunkoson da ya fi cutar da kira yakan faru ne a mashigar ƙarshe, wato a shagon, kuma nan ne saitin ke aiki.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Masu wuraren Wi-Fi a Dogondutsi, Matankari, Tibiri, Geceme da Kore Mairuwa su daina auna nasara da yawan tikitin da suka sayar kawai. Wanda ya cusa mutum ɗari a layin da ba zai ɗauke su ba, ya karɓi kuɗin abin da bai bayar ba. Aikin saitin na 'yan sa'o'i ne ga matashin da ya iya, kuma sana'a ce da cibiyoyin koyar da ayyukan hannu na jihar Dosso ya kamata su sa a darussansu.

'Yan ci-rani da ke turo kuɗin sayen waɗannan na'urori ga ƙannensu su ma suna da ta cewa. Kafin a biya mai haɗawa, a gwada kira da dare, lokacin da wurin ya cika, ba da hantsi da babu kowa ba. Haka ma ofisoshin magajin gari da cibiyoyin lafiya da ke sa intanet, su rubuta fifikon murya cikin sharuɗɗan kwangila, domin kiran da ungozoma za ta yi don neman motar asibiti bai kamata ya yi gogayya da bidiyon barkwanci ba.

Ita kuwa ARCEP, tara kaɗai ba ta isa ba. Ya dace ta riƙa wallafa sakamakon awon jinkiri da katsewar kira gunduma-gunduma, cikin harsunan ƙasa, domin mutumin Dumega ya san kamfanin da ya cancanci kuɗinsa. Ta kuma fitar da ƙa'ida mai sauƙi ga masu sake sayar da intanet, wadda za ta kare mai saye ba tare da ta kashe kasuwar matasa ba. Wanda ya biya kuɗi don ya ji muryar mahaifiyarsa yana da haƙƙin ya ji ta sarai.