Malam Mai Rewaya, Ina Mitarka?

Babur na tafe lafiya ƙalau a kan titin Poly, ba wata alama, sai kawai ɗif. Fitila ta ɗauke, hon ya yi shiru, an danna sitata ko motsi babu. Mai shi ya sauka ya tura shi cikin rana har rumfar gyara mafi kusa. Abin da ke biyo baya kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe babur a Tudun Wadar Kaduna ya haddace shi. Tun kafin a gama kafe babur, maigidan rumfa ya yanke hukunci: fulogi ne. A aiki yaro ya sayo, a ɗaura, a buga kik, shiru. To ai koyil ne. A sayo koyil, shiru. Sai a girgiza kai a ce CDI ya ƙone. Kafin La'asar an ɗaura sababbin kaya uku ko huɗu, aljihun mai babur ya bushe, cutar kuwa tana nan inda take: wata siririyar waya ce ta goge a wuyan babur tana taɓa ƙarfe.

Masu gyara, canki-canka kuke yi da kuɗin mutane, kuma gara a faɗa muku ido da ido. Malam, ta yaya fulogi zai kashe hon? Wace hanya ce ta haɗa koyil da fitilar birki? Babur ɗin da kansa ya gaya maka inda ciwon yake tun kafin ka ɗauki sufana, kai ne ba ka tsaya ka saurara ba.

Tambayar farko ba ta buƙatar ko sukundireba: komai ne ya mutu, ko inji kaɗai? In hon da sigina da sitata duk sun ɗauke lokaci guda, to matsalar tana kan hanyar da dukansu suke bi, wato batir, kawunansa biyu, fis, makulli, da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur wadda wuta ke komowa ta cikinta. Wurare biyar ke nan, kuma a minti goma an gama duba su. In kuwa hon na ƙara, sitata na juya inji amma ya ƙi tashi, sannan ne za a koma kan layin tartsatsi. A kwance fulogi, a jingina shi da kan inji, a buga kik a gani. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi yana nufin ka bar wayoyi su huta ka je ka duba mai da kafireto. In babu tartsatsi, a bi layin baya-baya: hular fulogi, koyil, CDI, har zuwa koyil-koyil na cikin magneto, ana aunawa a kowane mataki. Inda wuta ta shiga ba ta fita ba, nan ne mai laifi. Mai babur ma yana da labarin da zai rage maka aiki in ka tambaye shi. Ya faɗa rami ne kafin ya mutu? Ruwa ya doke shi, ko daga wajen wanki yake? Yana mutuwa ne in ya yi zafi, ya tashi in ya huce? Wannan na ƙarshe halin koyil ko CDI ne da ya fara gajiya, kuma ba za ka kama shi ba sai ka auna shi da zafinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda kuke wulaƙanta fis. Fis maigadi ne. In ya tsinke, ihu ya yi cewa ɓarawo ya shigo, wato wata waya ta taɓa ƙarfe tana jan wutar da ta fi ƙarfin layin. Ku kuma sai ku toshe masa baki. A zare silin tagulla a naɗe, ko a cusa takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ko a cire mai amfiya 10 a sa mai 30, a ce wa mai babur an gama. Daga wannan rana wayoyin babur gaba ɗaya ne za su ɗauki zafin da fis ya kamata ya ɗauka. Ina kuma wayoyin suke bi? Ƙarƙashin tanki, dab da tiyon fetur. Mutum ya goyo matarsa da jariri, ko ɗan makaranta, a kan abin da ka mayar tarkon gobara don ka huta da neman waya ɗaya. Ranar da roba ta narke wuta ta tashi, za a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma hannunka na ciki, kuma za a tambaye ka.

Alhali neman wayar ba wuya gare shi ba. Ɗauki ƙwan sigina, ka haɗa masa waya biyu, ka sa shi a gurbin fis ɗin da ya tsinke. Muddin wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai. Sai ka riƙa juya kan babur hagu da dama, kana motsa damin wayoyi, kana zare soket ɗaya bayan ɗaya. Inda hasken ya dushe, ka iso. Mafi yawan lokuta a wuyan babur ne inda wayoyi ke lanƙwasa kullum, ko a cikin kwanon fitila, ko ƙarƙashin kujera.

Batun batir kuma, har yau akwai mai goga waya a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi ya ce batir na da wuta. Akwai mai cire kan batir inji na aiki wai yana gwada caji, bai san wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona ƙwan fitila, har ta taɓa CDI ba. Mitar awon wuta ce ke faɗin gaskiya. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna wajen bolt 12.6 in babur na kashe. In ya sauka zuwa 12 ya yi nisa da zubewa. Danna sitata kana kallon mita: in lamba ta faɗo ƙasa da 10, batir ba ya iya ɗaukar kaya ko da a zaune ya nuna lafiya. Tayar da inji ka ɗan murɗa totur, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa daga 12 ba, caji ba ya zuwa, kuma sabon batir ɗin da ka sa mutum ya saya zai mutu cikin 'yan kwanaki kamar na farko. In ya haura 15, rektifaya ta lalace tana dafa batir. Lambobi ne da ba su fi a rubuta da gawayi a bangon rumfa ba.

CDI ma iri biyu ne, kuma da yawanku ba ku damu ku bambance ba. Wani yana shan wutarsa kai tsaye daga magneto, shi ya sa za ka ga babur ba batir amma yana tashi da kik. Wani kuwa daga batir yake sha, fis na tsinkewa inji zai mutu. Soket ɗinsu kan yi kama, amma wannan ba ya zama a gurbin wancan. Ko Bajaj Boxer aka kawo maka, ko TVS, ko Jincheng, ko Haojue, sanin wanne ne a jikinsa shi ne farkon aikinka.

Masu babura, ku ma ba ku kuɓuta ba. Ku ne ke tsaye a kan bakanike kuna cewa, Oga yi mini dabara kawai, ban haɗa balas ba. Na san nauyin da ke kan ɗan acaɓa, na san babur da ya wuni a rumfa tukunya ce da ba a ɗora ba a gida. Amma ku ne kuma kuke sa a ɗaura cajar waya, da fitilu masu launi, da rediyo, da ɓoyayyen makunni saboda ɓarayi, kowanne a fere waya da reza a murɗa da yatsa a naɗe da leda. In damina ta kankama a Yuli da Agusta, ruwa ya shiga waɗannan ƙulle-ƙullen su yi tsatsa, sai babur ya mutu da dare a hanyar Rigasa ko kan baifas, inda ba wanda ke son tsayawa. Kuna ganin kuɗin fulogi halal ne tunda an riƙe shi a hannu, amma kuɗin bincike kuna jin kamar ƙwace ne. Wannan hali ne ya koya wa masu gyara cewa sai sun sayar da kaya za su ci abinci. Ku biya mutumin da ya ɓata rabin awa ya gano waya ɗaya, ya fi muku arha nesa ba kusa ba. Duk kayan da aka cire kuma ku karɓi abinku, domin sau da yawa lafiyarsa ƙalau, kuma in kun bar shi, gobe wani za a sayar wa.

Da a wani ƙauye ne mai nisa, da sai a yi uzuri. Amma Tudun Wada fa ake magana. Nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take, wadda ta faro a 1956 a matsayin makarantar koyon fasaha, ta zama Kaduna Polytechnic a 1968. Ga tsohuwar Panteka a maƙwabta, inda maƙera da masu walda ke ƙera injuna da hannunsu. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a duk Najeriya, wadda aka kafa a 1977, hedkwatarta na cikin garin nan. Yaron da ke gyaran wayar salula a bakin titi ba ya taɓa waya sai da mita a gabansa, mitar da kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Kai da ka shekara ashirin a sana'a, da yara biyar a ƙarƙashinka, me ya hana ka? In karanta lambobin ne ke ba ka tsoro, wuni ɗaya ya isa a nuna maka, kuma ɗanka da ke sakandare zai iya. Girman kai ne kawai, kada a ce maigida yana koyo.

Yaran nan su ne abin tausayi. Iyayensu sun kawo su amana, suna kallon hannunka daga safe zuwa Magariba, kuma abin da suka ga kana yi shi za su ɗauka su buɗe nasu rumfunan da shi a Unguwar Sanusi da Badiko da Tudun Nufawa. Shugabannin masu gyaran babura na unguwar nan suna da ikon da gwamnati ba ta da shi, domin su ne ke halartar yaye yaro. To kada a sake yaye kowa sai an kawo babur an ɓoye masa matsala a cikin wayoyi, an miƙa masa mita da ƙwan gwaji, ya nemo ta a gaban dattawan sana'a ba tare da ya aika an sayo komai ba.