Satar Alama A Wasan Besbol: An Bar Wa 'Yan Kallo Shari'a

Har yanzu ƙura ba ta lafa ba tsakanin masu sha'awar wasan besbol a Amurka game da 'yan wasan ƙungiyar Houston Astros, waɗanda suka ci kofin ƙasa a 2017. A wannan wasa, mai cafe ƙwallo kan yi wa mai jifa alama da yatsu a asirce, don su daidaita irin jifar da za a yi. Astros suka kafa kyamara tana ɗauko alamar abokan hamayya, sa'an nan a doki garwar shara, mai bugu ya ji, ya san abin da ke tafe.

Asiri ya tonu a Nuwamba 2019 ta bakin tsohon ɗan wasansu, Mike Fiers. A Janairu 2020 shugaban hukumar wasan, Rob Manfred, ya ci ƙungiyar tarar dala miliyan 5, ya dakatar da mai horar da ita da babban manajanta. Amma 'yan wasan, waɗanda su ne suka aikata, an yi musu alkawarin ba za a hukunta su ba muddin sun faɗi gaskiya.

Lalle nan ne tushen gardamar. Da hukuma ta ƙi rarrabe mai laifi da marar laifi, sai shari'a ta koma hannun 'yan kallo, waɗanda ba su da shaida sai zato. Ga misalin Jose Altuve: abokin wasansa Carlos Correa ya ce bai yarda a doka masa garwa ba, duk da haka ya yi shekaru yana shan ihu a filayen wasu birane. Masu sukarsa kuwa sun ce wanda ya ga ɓarna ya yi shiru, ya kuma karɓi kofi, ba zai ce hannunsa tsarkakakke ne ba. Wannan hujja tana da nauyi.

Carlos Beltran, ɗan wasa ɗaya tak da rahoton ya ɗora wa laifi da suna, ya rasa aikin horar da New York Mets tun bai fara ba. Marubuta labarin wasanni, masu zaɓen waɗanda za a shigar zauren gwanaye, sun ba shi ƙasa da rabin ƙuri'u a 2023, alhali kashi 75 cikin ɗari ake bukata. Sai a 2026 ya haye, watau sun jinkirta masa shekara uku, sa'an nan suka buɗe masa ƙofa.